Mene ne tsuma itace a wajen masu kiwon kifin ado?

Tsuma itace shi ne aikin da ake yi wa busasshen reshe ko saiwa kafin a saka shi cikin akwatin gilashin kifi, wato akwariyom: a kankare shi, a dafa, a jiƙa kwana da kwanaki har ya nutse da kansa kuma ya rage rina ruwa. Masu sayar da kifin ado suna kawo itacen waje, kamar mopani na kudancin Afirka, amma yana da tsada, shi ya sa da yawa a nan Damagaram suke tsinto nasu a bakin tafki ko a kwarin Korama bayan damina. Ba laifi, muddin an san abin da aka tsinto.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka jan ruwan da itace ke fitarwa shi ne haɗarin. Wannan launi mai kama da shayi sinadarin tanin ne, wanda majema ke nema a cikin bagaruwa don jimar fata. Yawancin kifaye bai dame su ba. Abin da ke kashe kifi ba ya nuna launi: gubar da ke jikin itacen tun asali, da abin da ya sha a inda ya kwanta. Tafasa kuwa ba ta maganin ko ɗaya daga cikin biyun nan, don haka rabin aikin tsumi ana yin sa ne tun wajen zaɓe.

A fara da irin bishiyar. Aduwa ba ta shiga akwatin kifi ko da an dafa ta sau goma, domin ɓawonta da ƴaƴanta suna ɗauke da sinadari mai kumfa wanda ke kashe kifi da dodon koɗi. A wurare da dama ma da ita ake kama kifi. Duk mai farin ƙaro kamar nono, irin su tumfafiya da aguwa, a bar shi. Dogon yaro yana da abin da ke kashe ƙwari, bishiyar turare tana da mai, su ma a kauce musu. Kuka kuwa ba guba ce matsalarta ba, laushi ne, ba ta jimawa take ruɓewa. Abin nema shi ne itace mai tauri da nauyi wanda ya mutu ya daɗe, rana ta gasa shi har ɓawo ya zube. Kirya ita ce misalin irin wannan tauri, shi ya sa ake sassaƙa turmi da ita. Wanda bai gane bishiyar da reshe ya fito ba, ya kai wa masassaƙi ko mai sayar da itacen girki ya duba masa. Suna gane itace daga ƙwayarsa da warinsa. In su ma ba su gane ba, a hura wuta da shi. Ɗanye kuma ba ya cikin lissafi: ruwan jikinsa zai ruɓe cikin akwati, ga kuma ma'aikatan gandun daji da ba sa wasa da saran bishiya irin gawo.

Sai wurin da aka same shi. Itace yana shan abin da ke kewaye da shi, ya riƙe. Tsohon katakon gini ko dirkar rumfa sau da yawa an shafa masa baƙin mai ko maganin gara. Wanda ya kwanta a gefen garka mai yiwuwa ya sha feshin maganin ƙwari, na kududdufin cikin gari kuma ya sha ruwan kwata da sabulu. Akwai wata matsala ta yankinmu: itacen da aka ɗauko daga kwaruruka masu kanwa, irin na wajen Gure, yakan cika da kanwa, ya riƙa ɗaga ma'aunin pH na ruwa (awon tsami ko kanwar da ke cikinsa) a hankali, mai kifi yana ta neman dalili. Farin gari a kan itace bayan ya bushe alama ce.

In ya tsallake wannan, a danna masa farce. Inda farce ya shige, wurin ya fara ruɓewa, a kankare da wuƙa har a kai ga mai tauri. A cire ragowar ɓawo duka, a goge da buroshi mai ƙarfi da ruwa zalla, ba sabulu, ba omo. A zagaye tsinin da zai iya yaga fiffiken kifi da takardar goge katako. Wasu suna jiƙa shi a ruwan javel. Ba shawara ba ce mai kyau, don itace yana da ƙofofi, javel na shiga ya ƙi fita da wuri.

Dafawa awa 1 zuwa 2 ce, a tukunyar da ba ta da maiƙo, ruwa ya rufe itacen. In ya fi tukunya tsawo, a dafa rabi a juya a dafa ɗaya rabin. Amfaninta uku: tana kashe ƙwan dodon koɗi, wanda shi ke ɗaukar tsargiya a tafkuna, da matsattsaku da tsutsar ƙwari, tana korar iskar da ke cikin itacen, tana kuma fitar da tanin da sauri. Wanda ya yi girman da ba zai dafu ba, a kwarara masa tafasasshen ruwa sau da yawa a ƙara masa kwanakin jiƙo.

Jiƙon yana ɗaukar sati 1 zuwa 4, gwargwadon kauri. A sa shi a bokiti ko randa, a danne da dutse, a rufe saboda sauro, a ajiye a inuwa. A canza ruwa duk kwana 2 ko 3. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, kullum ya fi. Kowa ya san ruwa ba abin wasa ba ne a Zinder, amma ruwan jiƙo ba asara ba ne, ana ba shuka. A riƙa sunsunawa. Warin ƙasa ko na jiƙaƙƙen itace daidai ne. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ya ƙi tafiya bayan an canza ruwa yana nufin cikin itacen ne ke ruɓewa, kuma maiƙo a saman ruwa yana nufin ya sha mai. Duka biyu a jefar.

Tsumi ya yi idan itacen ya zauna a ƙasa ba tare da dutse ba, ruwan kwana biyu ya fito da ɗan launi kaɗan kawai, kuma pH ɗinsa bai yi nisa da na ruwan da aka zuba ba. Wani reshen ba ya nutsewa ko bayan wata biyu. Sai a ɗaure shi da zaren kamun kifi a jikin dutse, irin duwatsu masu tauri na unguwar Birni a Zinder, waɗanda ba sa narkewa a ruwa. Kowane dutse a ɗiga masa ruwan tsami na binegar tukuna: in ya yi kumfa, yana da farar ƙasa, zai ƙara wa ruwa kauri, wato yawan ma'adinan da suka narke a cikinsa.

Bayan an saka, a satin farko ko na biyu wani farin yauƙi yakan lulluɓe itacen. Ƙwayoyin halitta ne ke cin ragowar zaƙin da ke jikinsa, ba cuta ba ce. A goge shi ko a bar shi, zai ɓace da kansa, kifin da ke lasar gilashi ma yana cin sa. In launin ruwa ya dame ka, canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk sati, ka sa gawayin tace ruwa a cikin matata, kana sabunta shi bayan kamar wata ɗaya. Gawayin kasuwa ba ya wannan aiki. Kifayen da asalinsu kogunan daji ne, irin su tetra, suna jin daɗin ruwa mai tanin, amma na tafkin Malawi suna son ruwa mai kauri wanda pH ɗinsa ya haura 7.5, tanin kuwa yana rage pH, don haka a akwatinsu ɗan guntun itace ya isa. Idan kuwa kifaye suka taru a saman ruwa suna haki kwana ɗaya ko biyu bayan saka sabon itace, a fitar da shi nan take, a canza rabin ruwan, a ƙara iska.