Manyan Gidajen Abincin Thailand na Zamani da Al'adar Cin Tarayya

Manyan gidajen abincin Thailand na zamani su ne gidajen cin abinci masu tsada da ke ɗauko girkin gargajiya na ƙasar Thailand, su dafa shi da zaɓaɓɓun kayan haɗi, su gabatar da shi cikin tsari irin na manyan otal-otal. Mafi yawansu a Bangkok suke, wasu a Chiang Mai da Phuket, akwai kuma takwarorinsu a Landan da Sydney da San Francisco. Sun bunƙasa ne daga farkon shekarun 2000, kuma yanzu matafiya da dama kan tsara ziyararsu ta Bangkok bisa ranar da suka samu tebur a ɗaya daga cikinsu. Abin da ya bambanta su da gidajen abincin Faransa ko Japan masu irin wannan daraja shi ne asalin girkin da suke yi: abinci ne da aka gina shi don jama'a su haɗu a kansa, don haka wanda ya je shi kaɗai rabin abin kawai yake gani.

Yadda teburin yake a asali

A gidan mutumin Thailand shinkafa ce tsakiyar abinci, sauran duka 'yan rakiya ne. Ana jera kwanuka huɗu ko biyar ko fiye a tsakiya lokaci guda, kowa da farantin shinkafarsa a gabansa. Wannan jeri shi ake kira samrap. Yawanci za a samu miya mai madarar kwakwa, da romo mai ruwa-ruwa, da wani abu soyayye ko gasasshe, da kwaɗo mai tsami, sai dakakken yaji mai suna nam phrik da ake dangwala da ɗanyen ganye ko dafaffe. Babu ɗaya daga cikinsu da ake sa ran ya tsaya da ƙafarsa. Idan miyar ta yi maiƙo, kwaɗon zai wanke baki; idan yajin ya kai wa mutum karo, romon da ba shi da barkono zai kwantar masa. Mai girki ba ya auna daɗin kwano ɗaya, yana auna yadda zaƙi da tsami da gishiri da zafin barkono, wani lokaci har da ɗaci, za su daidaita a kan teburin gaba ɗaya.

Shi ya sa yawan mutane ke ƙara wa cin armashi. Mutum biyu ba za su iya ɗaukar fiye da kwano uku ba, amma abokai shida za su iya cika tebur yadda ya kamata.

Ana ci da cokali a hannun dama da cokali mai yatsu a hannun hagu. Mai yatsun aikinsa tura abinci cikin cokali kawai, ba a kai shi baki. Wannan ɗabi'a ta shigo ne daga fadar sarki a ƙarni na 19, lokacin da masarautar Siam, tsohon sunan ƙasar, ke cuɗanya da Turawa. Kafin nan da hannu ake ci. Ba a ajiye wuƙa, domin an riga an yayyanka komai a kicin. Tsinkayen cin abinci irin na Sinawa na taliya ne kawai, kuma baƙon da ya nemi a ba shi su don cin shinkafa ya nuna baƙuntarsa. A arewa da arewa maso gabas, inda ake cin shinkafa mai danƙo, har yau da hannu ake dunƙula ta a dangwali miya.

Tushen girkin

Barkonon da aka san abincin Thailand da shi ba ɗan ƙasa ba ne. 'Yan Fotugal ne suka kawo shi daga nahiyar Amurka bayan isarsu masarautar Ayutthaya a 1511. Ta hannunsu kuma aka samu kayan zaƙi na gwaiduwar ƙwai da sukari irin su foi thong. Sinawa sun kawo taliya da suya a kasko mai zurfi kan wuta mai ƙarfi. Miyar massaman, mai kirfa da kanumfari da gyaɗa da dankali, ana danganta ta da Musulmi 'yan kasuwa daga Farisa da yankin Malay.

Sauran kayan ƙamshin na gida ne: wata irin citta da ake kira galangal, ciyawa mai ƙamshin lemo, ganyen lemun makrut, saiwar koriyanda, tsamiya, sukarin kwakwa ko na giginya, tafarnuwa da ƙananan albasa. Gishirin abincin kuwa daga ruwan kifi da aka tsima yake fitowa, wato nam pla, da kuma kapi, wani curi na ƙananan jatan lande da aka bari ya ruɓa da gishiri. Matsayin kapi a tukunyarsu kamar na daddawa ne a miyar Bahaushe: warinsa ɗanye yana korar baƙo, amma in babu shi miyar ba ta tsaya ba. Ana kirɓa waɗannan a turmin dutse, kuma manyan gidajen abinci na alfahari da cewa da hannu suke dakawa, su kuma matse madarar kwakwarsu da kansu kowace safiya maimakon ta gwangwani.

Akwai kuma girkin fada. Bayan an mayar da Bangkok babban birni a 1782, matan fada sun shahara da girki mai tsananin kula: cire ƙaya daga kifi, cire ƙwallon 'ya'yan itace, sassaƙa kankana da gwanda su zama furanni. An buga ɗaya daga cikin littattafan girki na farko cikin harshen ƙasar a 1908. Wata hanya mai ban mamaki da girke-girken suka tsira ita ce ta ƙananan littattafan da ake rabawa a wajen jana'iza, waɗanda iyalan mamaci kan buga da tarihinsa da kuma girkin da ya fi so ko ya ƙware a kai. Masu girkin zamani sun dinga farautar waɗannan littattafai a shagunan tsofaffin takardu, kuma da yawa daga cikin abin da ake kira sabon salo a yau daga cikinsu aka tono shi.

Yadda harkar ta bunƙasa

Gwamnati ta daɗe da hannu a cikin sha'anin abinci. A zamanin Firaminista Plaek Phibunsongkhram, wanda ya sauya sunan ƙasar daga Siam zuwa Thailand a 1939, an tallata soyayyiyar taliyar pad thai a matsayin abincin ƙasa. A 2002 kuma gwamnati ta ƙaddamar da shirin ƙara yawan gidajen abincin Thailand a ƙasashen waje, don jawo masu yawon buɗe ido da sayar da kayan gona. Shirin ya yi nasara, sai dai ya bar duniya da ɗan gajeren jeri: pad thai, koriyar miya, romon tom yum, galibi an rage musu yaji an ƙara musu sukari.

Abin mamaki, wanda ya fara kai girkin matakin da masu bayar da lambobin yabo suka waiwaye shi ba ɗan ƙasar ba ne. David Thompson, ɗan Ostireliya, ya buɗe Nahm a Landan a 2001, kuma ya zama gidan abincin Thailand na farko da ya samu tauraron Michelin, wato lambar yabon da littafin tantance gidajen abinci na Michelin ke bayarwa, daga tauraro ɗaya zuwa uku. Da ya buɗe reshe a Bangkok a 2010, an yi ta ce-ce-ku-ce a jaridu kan ko baƙo yana da hurumin nuna wa 'yan ƙasa yadda kakanninsu ke girki. A 2014 aka zaɓi Nahm na Bangkok a matsayin na ɗaya a jerin gidajen abinci hamsin mafi kyau na Asiya, a 2018 kuma Pim Techamuanvivit ta karɓi jagorancin kicin ɗin. Biyu daga cikin waɗanda suka yi aiki ƙarƙashin Thompson, Duangporn Songvisava da mijinta Dylan Jones, sun buɗe Bo.lan a 2009, inda suka dage kan sayen kaya kai tsaye daga ƙananan manoma da masunta.

Michelin, kamfanin taya na Faransa da ke buga littafin tantance gidajen abinci, ya shigo Bangkok a Disamba 2017 da goyon bayan hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar. Labarin da ya fi yaɗuwa a lokacin shi ne na Jay Fai, wata dattijuwa mai suya a kan gawayi a ɗan shagonta na bakin titi, sanye da gilashin kare ido daga tartsatsin mai, wadda ta samu tauraro ɗaya. Wainar ƙwanta mai cike da naman ƙaguwa ta sa mutane bin layi na sa'o'i.

Daga nan 'yan ƙasa suka karɓe fagen. Le Du na Thitid Tassanakajohn, wanda ya yi karatun girki a Amurka ya dawo yana aiki da kayan gida na kowane yanayi, ya zo na ɗaya a Asiya a 2023. Sorn na Supaksorn Jongsiri, wanda ya keɓe kansa ga girkin kudancin ƙasar, mai kurkum da zafin barkono da ba ya sassauta wa kowa, ya zama na farko a Thailand da ya samu taurari uku a ƙarshen 2024. A watan Disamba na shekarar ne UNESCO ta sanya romon tom yum na jatan lande cikin jerin al'adun duniya da ake karewa.

Jere-jere ko tarayya

Matsalar da duk waɗannan gidaje suka fuskanta ɗaya ce. Tsarin manyan gidajen abinci na Turai shi ne a kawo wa kowane mutum ɗan ƙaramin faranti, ya cinye, a ɗauke, a kawo na gaba, har sau goma ko ashirin. Miyar Thailand kuwa idan aka raba ta da shinkafa da sauran 'yan uwanta, aka ɗiga cokali biyu a tsakiyar faffaɗan faranti, ko dai ta yi wa mai ci ƙarfi, ko kuma mai girki ya rage mata kaifi har ta rasa kamanninta. Wasu gidajen sun bi tsarin Turai sak, kuma a nan ne ake samun abinci mai kyan gani a hoto wanda ba ya zama a zuciya. Waɗanda suka fi dacewa sun raba daren gida biyu: a fara da 'yan loma-loma ɗaya bayan ɗaya, sannan a kawo samrap cikakke a tsakiya da tukunyar shinkafa, a bar mutane su yi ta miƙa wa juna. A Sorn, alal misali, ana dafa shinkafar a tukunyar ƙasa a kan gawayi, a kawo ta tana tururi tare da miyoyin.

A wannan gaɓar ce ladubban tebur ke fitowa. Kowane kwano yana da cokalinsa na zubawa, ba a tsoma wanda aka kai baki. Ana ɗibar cokali ɗaya ko biyu daga kwano guda, a ci da shinkafa, sannan a koma wani; tara komai a faranti ɗaya har miyoyi su gauraya alama ce ta haɗama, kuma yana ɓata aikin mai girki. Ana jira babba ya fara. A tsakanin 'yan ƙasar, wanda ya yi gayya ko wanda ya fi shekaru ko matsayi shi ke biyan kuɗi, kodayake matasa abokai sukan raba.

Abin da matafiyi zai tanada

Ba a shiga irin waɗannan wurare haka kawai. Ana kama tebur makonni ko watanni kafin ranar, ta intanet, wasu kuma sai an biya kafin alƙalami. Zaman yakan kai sa'a biyu zuwa uku. Kuɗin kowane mutum dubban baht ne, wato kuɗin ƙasar, kuma farashin da aka rubuta ba shi ne na ƙarshe ba: ana ɗora kashi 10 cikin ɗari na hidima, sannan harajin kashi 7 a kan jimillar, don haka abincin baht 5,000 yakan tashi 5,885. Yawancin gidajen kan buƙaci duk teburin ya ci jeri iri ɗaya, shi ya sa ya kamata abokan tafiya su daidaita tun wajen kama wuri a kan wanda ba ya cin gyaɗa ko jatan lande ko yaji mai yawa. Neman a rage barkono a wurin cin ba kasafai yake yiwuwa ba, domin an daka kayan miyar tun da rana.

Ga Musulmi matafiyi, ciki har da 'yan kasuwar Afirka ta Yamma da suka saba zuwa sarin kaya a kasuwar Pratunam da ke Bangkok, akwai ƙarin tambaya. Naman alade ya ratsa girkin tsakiya da arewacin ƙasar, kuma ba a matsayin tsoka kaɗai ba: yana ɓuya a romon da aka dafa miya da shi, a kitsen suya, a nikakken naman da aka cusa cikin wani abu. Manyan gidajen sukan kuma tallata giyar da aka zaɓa wa kowane faranti, kodayake da yawa suna da jerin shayi da ruwan 'ya'yan itace a madadinta. Kaɗan ne daga cikinsu ke da shaidar halal, wadda Majalisar Koli ta Musulunci ta Thailand ke bayarwa. Wasu kicin ɗin suna yarda su cire alade idan aka sanar da su kwanaki kafin zuwa, amma hakan bai shafi yadda aka yanka kaza ko saniya ba, don haka masu taka-tsantsan sukan tsaya ga kifi da kayan teku. Wanda ke son ci hankali kwance zai samu gidajen Musulmi a unguwar Nana da Bang Rak da Ramkhamhaeng a Bangkok, da kuma lardunan kudu irin su Pattani, Yala, Narathiwat da Satun, inda Musulmi suka fi yawa, kuma inda ake dafa massaman da shinkafar khao mok mai kaza da kurkum.