Yawo tsakanin biranen Turai da kuɗin ɗalibi: tambayoyi da amsoshi

Wace hanya ce ta fi araha?

Galibi motar bas ce. Kamfanin FlixBus na Jamus, wanda ya soma aiki a 2013, yana haɗa yawancin manyan biranen nahiyar, kuma wanda ya sayi tikiti da wuri kan same shi da sauƙi sosai. Sai dai tafiyar na da tsawo. Shi ya sa ɗalibai da yawa ke bin bas ɗin dare: ka kwana a hanya, ka wayi gari a wani birni, ba ka biya kuɗin masauki ba.

Ana cewa jirgin sama ya fi bas araha. Gaskiya ne?

Wani lokaci haka yake a kan allo, amma a yi lissafi tukuna. Ryanair da Wizz Air suna barin ka shiga da ƙaramar jaka guda kyauta, wadda za ta shiga ƙarƙashin kujera. Abin da ya wuce haka sai ka biya. Ga kuma nisan filin jirgi. Wanda ake kira Paris-Beauvais yana da nisan kilomita 80 da ɗoriya daga birnin Paris, Frankfurt-Hahn kuwa ya haura kilomita 100 daga Frankfurt. In ka haɗa kuɗin jaka da na motar da za ta shigar da kai gari, sau da yawa arahar ta gudu.

Jirgin ƙasa fa?

Ɗalibin da ke zaune a Turai da izinin zama yana iya sayen tikitin Interrail, wanda ake hawa jiragen ƙasa da shi a ƙasashen Turai da dama, kuma akwai rangwame ga wanda bai kai shekara 28 ba. Yana da riba in za ka zaga ƙasashe da yawa a hutu guda. A Jamus akwai Deutschlandticket da aka fito da shi a watan Mayun 2023: kuɗin wata guda ne, ka hau jiragen yanki da bas na cikin gari a duk faɗin ƙasar, ban da masu gudu irin ICE.

Takardata ta zama za ta ba ni damar tsallaka iyaka?

Wannan ce tambayar da ya kamata ɗalibi ɗan Najeriya ko Nijar ya fara yi. Izinin zama na ƙasar da ke cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu, yana ba ka damar ziyartar sauran ƙasashen yankin har kwana 90 cikin kowane kwana 180. Birtaniya da Ireland ba sa ciki, bizarsu daban ce. Kada kuma ka bar fasfo a ɗaki don an ce babu shinge. Tun watan Satumban 2024 Jamus ta dawo da bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa, 'yan sanda kan tsayar da bas su duba takardun kowa, kuma katin makaranta ba ya maye gurbin fasfo.

Tsayawa bakin titi a nemi ragin hanya, akwai hatsari?

Akwai, kuma ba na so a raina shi. A mafi yawan ƙasashen Turai ba laifi ba ne ka nemi a rage maka hanya, amma tsayawa a kan babbar hanyar motoci masu gudu haramun ne, Italiya ma ta hana har a wuraren hutawa na irin waɗannan hanyoyi. Wanda ya nace sai ya yi, to ya tsaya a gidan mai, inda zai ga direba ido da ido su yi magana kafin ya shiga. Ya ɗauki hoton lambar motar ya tura wa aboki, a gaban direban, ba a ɓoye ba. Mutumin kirki ba zai ji haushi ba. Jaka mai fasfo da waya ta zauna a cinya, kada ta shiga but. Ba a yi da dare, ba a shiga motar wanda ake jin warin giya a bakinsa, kuma in zuciya ba ta kwanta ba a ce “na gode” a ja da baya, ba sai an kawo dalili ba. Lambar gaggawa 112 tana aiki kyauta a duk ƙasashen Tarayyar Turai.

Wasu direbobin ma kan ƙi ɗaukar baƙo kusa da iyaka, don in babu takardu su ma za su shiga hannun hukuma. Ga 'yan uwanmu mata kuwa, shawarata kada a yi shi ke kaɗai, ko da rana tsaka.

To akwai abin da ya yi kama da shi amma ya fi aminci?

BlaBlaCar, manhajar wani kamfani na ƙasar Faransa mai haɗa direbobi da fasinjoji. Direban da zai yi tafiya yakan sanar da kujerun da suka rage a motarsa, ku raba kuɗin mai. Kana ganin sunansa da hotonsa da abin da fasinjojin baya suka rubuta a kansa kafin ka biya, kuma tafiyar tana rubuce a manhajar. Ni dai a ganina 'yan yuro kaɗan da za ka biya a nan sun fi tsayuwar sa'o'i cikin sanyi kana jiran wanda ba ka san ko waye ba.