Ma'anar "Big One" a Bakin Mutanen Kalifoniya

Duk lokacin da ƙasa ta ɗan motsa a jihar Kalifoniya ta Amurka, tambayar da ke fara fitowa daga bakin jama'a ita ce ko "Big One" ce ta iso. Kalmar tana nufin "babbar", wato gagarumar girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ko fiye, wadda masana ke sa ran aukuwarta a kan tsagar San Andreas.

Wannan tsaga ta kai kimanin kilomita 1,200, kuma a nan ne manyan faifan duwatsu biyu, na Tekun Fasifik da na Arewacin Amurka, ke gogar juna suna zamewa da 'yan santimita a shekara. Inda suka cije, ƙarfin yakan taru shekara da shekaru har ranar da dutsen zai kasa riƙewa, ya saki a lokaci guda.

Tsoron da ke cikin kalmar ya samo asali ne daga asubahin 18 ga Afrilu, 1906, lokacin da arewacin tsagar ya saki da ƙarfin maki 7.9. A wani ƙauye da ke arewa da San Faransisko, shingen gona ya rabu biyu, ɓangare ɗaya ya gusa da kusan mita shida. A cikin birnin kuwa gobara ce ta fi yin ɓarna, domin bututun ruwa sun farfashe, 'yan kwana-kwana suka rasa abin kashe wuta, har suka koma fasa gidaje da nakiya don tare ta. Wutar ta ci kwana uku, gine-gine kusan 28,000 suka salwanta, mutane fiye da 3,000 suka rasu.

Girgizar Loma Prieta ta 1989 a kudu da San Faransisko, wadda ta kashe mutum 63, da ta Northridge ta 1994 a Los Anjalas, duk da munin su, ba a ɗauke su a matsayin "babbar" ba. Hankalin masana yana kan kudancin tsagar, gabas da Los Anjalas, wanda ya haura shekara 300 bai saki ba. Abin da ya fi dacewa a yaba wa jihar shi ne, tun 1933 ta kafa dokar ƙarfafa ginin makarantu, kuma daga 2019 wayoyin hannu ke samun gargaɗi daƙiƙu kaɗan kafin girgizar ta riski mutum.