Ku Daina Hana Kwamfutocinku Sabuntawa

Aikina shi ne zagaya cibiyoyin lafiya da ƙananan ofisoshi a yankin Garwa da ke arewacin Kamaru, ina duba kwamfutocin da ake ajiye bayanan marasa lafiya da lissafin magani a cikinsu, waɗanda kuma ake tura rahoton wata-wata da su ta DHIS2, manhajar tattara bayanan kiwon lafiya. Abin da ya sa na ga dole in yi wannan rubutu shi ne koken da ake kira na a kansa ya zama iri ɗaya: kwamfuta ta yi nauyi, fayiloli sun ƙi buɗuwa, ko an shiga akwatin imel na cibiya an aika wa mutane saƙon neman kuɗi da sunan shugabanta. Idan na zauna na buɗe saitin na'urar, kusan kullum abu guda nake tararwa, wato an dakatar da sabuntawa, ko ma an kashe ta ɗungurungum tun ranar da aka sayo kwamfutar.

'Yan'uwana ma'aikata, na san ba don sakaci kawai kuke yin haka ba. Data tana da tsada, kuma sau da yawa daga aljihunku kuke saye don ku tura rahoto a kan lokaci. Wutar lantarki ba ta da tabbas, kuna tsoron a ɗauke ta ana tsakiyar aiki. Ga layin mata da yara a bakin ƙofa, ga kwamfuta tana neman a sake kunna ta. Duk na ga wannan da idona, kuma ba na raina shi. Amma ku ji ni da kyau, duk sa'ad da saƙon "mise à jour", wato na sabunta manhaja, ya fito a ƙasan allo kuka kawar da shi, ɓarawo kuka yi wa hidima.

Babu manhajar da ba ta da kurakurai, kuma ta waɗannan kurakuran masu kutse suke shiga. Idan kamfani ya gano ɗaya, sai ya fitar da gyara, kuma Microsoft yakan fitar da nasa a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, ranar da gyaran ya fito, ranar ce masu kutse na duniya suke samun labarin inda raunin yake, sai su bazama neman waɗanda ba su gyara ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ku kuwa an kawo muku siminti har gida kyauta kun ce a koma da shi sai wani jiƙon.

Kada wani ya ce mini wa zai damu da ƙaramar cibiya a bayan Garwa. Wannan magana ita ce ta fi ɓata mini rai. Mai kutse ba ya zama ya zaɓe ku da suna. Manhaja yake saki ta yi ta lalube a intanet dare da rana, duk na'urar da ta samu a buɗe ta shige, ba ruwanta da ko ta banki ce a Duwala ko ta ɗakin magani ce a ƙauye. A ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000, tana neman fansar dala 300 a kan kowace. Asibitocin gwamnati a Ingila suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, har aka soke ganin likita na dubban mutane, aka karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu wurare. Abin takaicin shi ne Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan rauni tun watan Maris na wannan shekarar, kusan wata biyu kafin abin ya faru. Waɗanda suka sabunta sun tsira, waɗanda suka ce sai daga baya suka shiga uku. Kuma manhajar ba ta bukatar kowa ya danna komai, da ta shiga kwamfuta ɗaya sai ta bi hanyar sadarwar ofis ta kama sauran. Saboda haka kwamfutar sakatare da aka ƙi sabuntawa tana iya jawo wa ta ɗakin gwaji da ta akanta bala'i.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, kuma laifin yana wuyan wasu daga cikinmu masu gyara. Mutum zai kai kwamfutar ofis shago a sa masa Windows na sata, mai shagon ya kashe Defender, wato manhajar tsaron da ke zuwa da Windows, don manhajar fasa lasisin ta samu shiga, sannan ya kashe sabuntawa ya ce kada a taɓa kunna ta. Mai kwamfuta ya biya kuɗinsa ya tafi yana godiya, bai san cewa irin waɗannan manhajojin fasa lasisi sau da yawa da ƙwayar cutarsu suke zuwa ba. Malam mai shago, ka ji tsoron Allah, cikin wannan na'ura akwai sunayen masu juna biyu da sakamakon gwajin mutanen da ko iyalansu ba su san halin da suke ciki ba. Wannan amana ce. Ku sani kuma Windows na asali, ko ba a kunna lasisinsa ba, yana ci gaba da karɓar gyaran tsaro, don haka babu hujjar cusa masa kayan sata.

Har yanzu ina cin karo da Windows 7 a wasu ofisoshi, alhali Microsoft ya daina ba shi gyara tun 14 ga Janairu 2020. Shi ma Windows 10 wa'adinsa na yau da kullum ya cika a 14 ga Oktoba 2025. Irin wannan na'ura, idan ba za ta iya ɗaukar Windows 11 ba, a sa mata Ubuntu ko Linux Mint a madadin Windows, kyauta ne kuma suna tafiya a tsofaffin kwamfutoci. Idan hakan ma ya gagara, a raba ta da intanet, kuma kada a riƙa cusa mata kowane filashi.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Shugaban cibiya ya ware rana ɗaya a tsakiyar kowane wata, bayan an sallami marasa lafiya, ya sa kuɗin datar cikin kasafin ofis don kada nauyin ya faɗa kan ma'aikaci. A cika batir kafin a fara, a bar na'urar ta gama ta sake kunna kanta, kada a danne maɓalli don an gaji da jira. A sabunta Chrome ko Firefox da wayoyin aiki a rana guda. A bar Defender a kunne. A canza kalmar sirrin da na'urar raba intanet ta zo da ita, domin "admin" kowa ya san ta. A kwafe muhimman fayiloli a faifai na daban, a cire shi a kulle a durowa, domin idan an bar shi a jone muguwar manhaja za ta kulle shi tare da kwamfutar.

Idan kuwa abin ya riga ya faru, ku cire wayar intanet ku kashe Wi-Fi nan take, kada ku biya fansa, kada kuma ku ɓoye don kunya ko tsoron faɗa. Kutse laifi ne a Kamaru bisa dokar 21 ga Disamba 2010 kan tsaron intanet, kuma ANTIC, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasar, tana karɓar irin waɗannan rahotanni. Ku sanar da shugabanku da jami'in kwamfuta na gundumarku a ranar, kafin wani ya ɗauki filashi daga wannan na'ura ya kai ta gaba.