Sulhu a Koyarwar Kirista

Sulhu, a koyarwar Kirista, shi ne ɗinke ɓarakar da zunubi ya haddasa tsakanin ɗan Adam da Allah, tare da kawar da gabar da ke raba mutum da ɗan'uwansa, ko kabila da kabila. Sabon Alkawari, wato kashi na biyu na Littafi Mai Tsarki, ya ɗaure waɗannan fuskoki biyu wuri guda, ta yadda ba a karɓar iƙirarin wanda ya ce ya shirya da Allah alhali yana riƙe da maƙwabcinsa a zuci.

A al'adar Bahaushe, mai laifi ne yake neman dattijo ya shige masa gaba domin a ba da haƙuri. Manzo Bulus kuwa ya nuna cewa wanda aka yi wa laifin ne ya fara miƙo hannu: a Romawa 5:10 ya ce an sulhunta mutane da Allah ta mutuwar Ɗansa tun suna maƙiya, a 2 Korintiyawa 5:18-20 kuma ya ce Allah ya danƙa wa masu bi hidimar sulhu, ya mai da su jakadun Almasihu. Saboda haka Kirista ke ɗaukar sulhu a matsayin alheri da ake karɓa ta tuba da bangaskiya.

Inda koyarwar ta fi zurfi shi ne Afisawa 2:14-16, wadda ta ce Almasihu ya rushe katangar gaba da ke tsakanin Yahudawa da Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, ta wurin gicciye, ya mai da su jiki ɗaya. Masana da dama na ganin maganar tana nuni ga wata katanga ta zahiri a Haikalin Urushalima, wadda aka kafa wa duwatsu masu rubutun gargaɗi cewa duk baƙon da ya ƙetare ta, alhakin mutuwarsa na wuyansa. A 1871 aka gano ɗaya daga cikin duwatsun, yana kuma ajiye a gidan tarihi na Istanbul. Wanda ya san wannan dutse zai gane nauyin abin da Manzo Bitrus, wanda Bayahude ne, ya yi da ya shiga gidan Karniliyas, hafsan sojan Roma, a Ayyukan Manzanni sura ta 10.

Sulhun nan yana da sharaɗi a aikace. A Matiyu 5:23-24 Yesu ya umarci mai kawo baiko ya ajiye shi a gaban bagade, ya je ya shirya da ɗan'uwansa tukuna, shi ya sa a majami'un Angilikan da Katolika ake gaisuwar salama kafin cin jibin Ubangiji. Wani mai karɓar haraji ma, mai suna Zakka, da ya tuba, alkawari ya yi zai mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Wannan yanki ne aka fi yin sakaci da shi, domin sau da yawa ana matsa wa wanda aka cuta ya yafe, ba tare da an nemi mai laifi ya faɗi gaskiya ya mayar da haƙƙi ba, irin wannan kuwa rufa-rufa ce kawai.

A ƙasar Zazzau, koyarwar ta shigo ta hannun mishan ɗin CMS, ƙungiyar masu wa'azin bishara ta Angilikan. Dokta Walter Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, a 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, bisa salon maginan Hausa, har wanda ya hango katangunta masu kauri zai iya ɗaukar ta zauren wani basarake. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A Wusasa ɗin ne Janar Yakubu Gowon ya tashi, wanda da yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970 ya shelanta cewa babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi, ya kuma sa sulhu cikin manufofin gwamnatinsa.

Zariya ta ɗanɗana ɗacin gaba ita ma. Rikicin da ya tashi a Kafanchan a Maris ɗin 1987, inda aka ƙona masallatai, ya bazu har Zariya, aka ƙona majami'u masu yawa. Rikicin Zangon Kataf na 1992, da ya watsu zuwa Kaduna, ya raba Fasto James Wuye da hannunsa, ya kuma raba Imam Muhammad Ashafa da malaminsa da wasu danginsa. Mutanen biyu, waɗanda a dā kowannensu ke jagorantar matasa a ɓangarensa, sun haɗu a 1995, suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai a Kaduna, kowa yana kafa hujja da littafinsa. Su ne suka yi tsayin daka har shugabannin Musulmi da na Kirista suka sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna a Agustan 2002.