Hurarren Nassi a Addinin Kirista

Hurarren Nassi akida ce ta Kiristoci da ke cewa Ruhu Mai Tsarki ne ya bi da mutanen da suka rubuta Littafi Mai Tsarki, har rubutunsu ya zama maganar Allah. Tushenta yana cikin 2 Timoti 3:16, inda kalmar Helenanci theopneustos ke nufin abin da Allah ya hura da numfashinsa. A 2 Bitrus 1:21 kuma an ce annabawa sun yi magana ne Ruhu yana iza su.

Akasarin malaman tauhidin Kirista ba su ɗauki wannan hurewa a matsayin shifta ba, domin hannun marubuci a fili yake. Luka ya buɗe bishararsa da cewa ya bi diddigin labarin daga shaidun gani da ido. Bulus kuwa, a 1 Korantiyawa 1:16, yana cikin lissafa waɗanda ya yi wa baftisma sai ya ce bai tuna ko akwai wani ba. Manzo ne ga mantuwa a cikin wasiƙa, kuma ikilisiya ta karɓi jimlar a matsayin Nassi.

Tantance littattafan ma ya ɗauki ƙarnoni. Wasiƙar Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ta shekarar 367 ta jera littattafai 27 na Sabon Alkawari, amma Tsohon Alkawari har yau da saɓani: jimillar littattafan Littafi Mai Tsarki a wajen Furotesta 66, a wajen Katolika 73.

Ta wannan ƙofa ta ɗan Adam shakka ta fi shigowa. A 1753 likitan Faransa Jean Astruc ya nuna cewa Farawa, littafi na farko a Tsohon Alkawari, ta haɗa tsofaffin rubuce-rubuce daban-daban, bisa yadda sunayen Allah ke sauyawa a cikinta. Masu nazarin tsofaffin kwafe kuma sun lura cewa Markus 16:9-20 babu shi a Kundin Sinai da Kundin Batikan na ƙarni na 4, shi ya sa fassarori da dama ke sa masa alama.

Amsoshi sun bambanta. Sanarwar Shikago ta 1978, wadda wasu malaman Furotesta suka fitar, ta dage cewa rubutun asali ba shi da kuskure ko kaɗan, sai dai wannan asalin ba ya hannun kowa. Majalisar Batikan ta Biyu, babban taron shugabannin Katolika, a 1965 ta ɗora rashin kuskuren a kan gaskiyar da Allah ya so a rubuta domin ceto. John Calvin, malamin tauhidin Furotesta, tun ƙarni na 16 ya ce hujja kaɗai ba ta kai mutum ga sakankancewa, sai da shaidar Ruhu a zuci.

Nassin da kansa bai ɓoye masu shakka ba. Toma, almajirin Yesu, ya ƙi yarda cewa Yesu ya tashi daga matattu sai ya ga gurbin ƙusoshi a hannuwansa, a Markus 9:24 kuma uban yaro marar lafiya ya ce ya ba da gaskiya, a numfashi guda ya roƙi a taimaki rashin bangaskiyarsa.