Tambayoyi da amsoshi: rubuta muƙala kan salon Gotik a waƙoƙin Romantik

Ɗaliban adabin Ingilishi sukan kawo mini tambayoyi kusan iri ɗaya idan aka ba su wannan aiki. Ga waɗanda suka fi yawan zuwa.

Malam, Romantik ba waƙoƙin soyayya ba ne?

A'a. Suna ne na wani zamani a adabin Turai, daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa wajen 1830, lokacin da mawaƙa irin su Wordsworth da Coleridge da Byron da Keats suka ɗora abin da zuciya ke ji a kan lissafin hankali. Gotik kuwa asalinsa sunan fasalin ginin tsofaffin majami'u ne. Horace Walpole ya fitar da littafin labarinsa The Castle of Otranto a 1764, ya laƙaba masa wannan suna a bugu na biyu, daga nan sunan ya bi duk labarin kufai da fatalwa da tsinuwa.

To in jero wuraren da fatalwa da duhu suka fito, shi ke nan?

A nan ne mafi yawa suke tuntuɓe, kuma abin yana damuna. Kowa ya san akwai dare a waƙar. Mai duba takardarka yana son ya ji aikin da tsoron yake yi: me ya tona wanda mawaƙin ba zai iya faɗa kai tsaye ba? Amsar wannan ita ce da'awarka. Ka rubuta ta a jimla ɗaya a gabatarwa, sannan kowane sakin layi ya kawo mata hujja.

A ba mu misali.

Ɗauki Christabel ta Coleridge, wadda aka buga a 1816. Budurwa mai suna Christabel ta fita daji da tsakar dare don yi wa saurayinta addu'a, sai ta tsinci wata kyakkyawa mai suna Geraldine a gindin bishiya, tana cewa mahaya biyar ne suka sato ta. Ta tausaya mata, ta kai ta gida. To ka tsaya a bakin ƙofa ka duba da kyau. Geraldine ta sulale ƙasa, sai da Christabel ta ciccibe ta ta tsallakar da ita dokin ƙofa. Tsohuwar karyar gidan ta yi gurnani cikin barci. Garwashin da ya kusa mutuwa ya tashi da harshen wuta da Geraldine ta gifta. Mawaƙin bai taɓa ce maka aljana ce ba. Kare da wuta ne suka shaida. Da'awa mai kyau za ta iya cewa sharri bai shiga gidan ba sai da tausayi ya ɗauko shi a hannu. Daga baya asiri ya ɗaure bakin Christabel, ta kasa gaya wa mahaifinta abin da ta gani, shi kuma ya karkata ga baƙuwar. Wannan shirun kaɗai ya isa a gina muƙala guda a kansa.

Waƙa nawa zan ɗauka?

Biyu sun wadatar. La Belle Dame sans Merci ta Keats, ta 1819, tana tafiya da Christabel sosai: a can ma mace ce mai ban mamaki ta bar jarumi a rame a gefen tudu. Ka ciro ɗango ɗaya ko biyu, ka warware kalmominsu da karinsu, kada ka kwafo baitoci rututu.

Zan iya kwatantawa da labaran aljanu na gida?

Za ka iya, don wanda ya tashi yana jin labarin kyakkyawar da aka gamu da ita a gindin tsamiya da dare zai gane Geraldine da wuri. Amma ka tsaya a sakin layi ɗaya, ka kuma nuna inda suka bambanta.

Coleridge bai ƙarasa Christabel ba. Yaya zan yi da ƙarshenta?

Kada ka ƙirƙira masa ƙarshe. Kashi biyu kawai ya bari, kuma inda ya tsaya Geraldine tana cikin gida, uba yana fushi da 'yarsa. Ka yi sharhi a kan abin da wannan tsayawar ke jefawa a zuciyar mai karatu.